Haƙarƙarin Adda

Ni ba na ƙidayar shekara da lamba. Ban iya ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Adda ta rasu kakar da ta biyo damanar nan da ruwa ya yanke hanyar Kebbe, har amaren da anka kai can sunka daɗe ba su ga ɗan'uwa ba. Wanda bai tuna wannan ba, to bayan canjin kuɗi ne, lokacin da mutum ke da tumaki cike da garke amma ya rasa na cefane. An gama yankan gero, dawa na tsaye. Ranar kuwa ranar kasuwar Dogon Daji ce, maza duk sun fita, gari ya rage na mata.

Adda yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A Kebbe anka haife mu, aure ya kawo mu wani ƙauye kusa da Jabo, ita ta riga ni. Ita ke wankan gawar mata a garin nan tun ban yi haihuwar fari ba. Abin da ya sa nike wagga magana, na ga ana nema a manta yadda ta rayu, a riƙe yadda ta mutu kaɗai. Ni kuwa ban yarda a yi mata haka ina numfashi ba.

Masu gaisuwa sun zo yadda ake zuwa gaisuwar wadda ta rufa asirin uwar kowa. Daga Kebbe, daga Dogon Daji, daga Tambuwal cikin gari, babura har bakin zaure. Wata tsohuwa ta taho daga Kebbe bisa babur, ƙugunta ya riƙe, sai da anka sauko da ita awa buhu. Ta ce ko da rarrafe sai ta zo, don Adda ta wanke mata ɗiya biyu. Ta yi kukanta na gaskiya, ta sha ruwa, ta miƙe bisa tabarmata ta yi barci. Cikin masu gaisuwar nan ita kaɗai na yarda da ita.

Sauran ga yadda suke yi. Su durƙusa.

"Ya haƙuri, Inna?"

"Da godiya."

"Allah shi jiƙanta, shi sa can ta fi nan."

"Amin."

Sannan su matso, su rage murya. "Wai an ce..." Su bar mini sauran. Idonsu ba ya kaina. Yana bisa matar ɗan Adda, wadda ke kai da kawo da ruwan sha. Na ga wata, da anka aje mata ruwa, ta sa ƙafa ta ture kwanon gefe a hankali, tana zaton ban gani ba.

Abin da ake cewa shi ne, yarinyar ta hau ƙirjin uwar mijinta a gaban jama'a, ta yi ta danna shi har ƙashi ya karye, rai ya fita. Kuma Baffan yara, ƙanen mijin Adda, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya riga ya faɗa cewa bayan sadakar bakwai za a zauna. In magana ta tabbata, yarinya za ta koma gidan ubanta a Tambuwal, ta bar ɗiyanta nan. Wadda za a tambaya kuwa ni ce, don ni na yi wanka.

Bari dai in fara faɗa maku wace ce Adda.

Doguwa ce, baƙa, mai wushirya, bakinta kullum ja da goro. Ba ta da sauƙi, kada wani ya yi maku ƙarya don ta mutu. In ta shiga gidan rasuwa, kafin ta ce komi sai ta kori masu kururuwa daga ɗaki. "Ku fita ku yi can. Ku kuna yi don a ji ku, ni ina son in ji ta." Sannan ta zauna. Ta taɓa tafin ƙafa. Ta ɗora kunnenta bisa ƙirji. Ta zare kaɗa, wato auduga, daga ƙullin zanenta, ta yage ta siriri, ta riƙe gaban hanci. Ta jira. Ta sake. Maza na zaure suna aiko da cewa an gama haƙa, rana na yi. Sai ta ce, "Ku ce masu ramin ya jira, ba inda za shi."

Shekarar amai da gudawa, wadda ta kwashe yara a unguwar maƙera, anka kira ta ruga. Wata matashiyar Bafillatana, an riga an ɗaure mata haɓa, an rufe ta. Adda ta yi abin da ta saba, ta ce ba ta wanka. Ƙanen liman ya zo har bakin bukka yana faɗa.

"Ke, jinkirta gawa ba kyau! Ke ka koya muna addini?"

"Ni ban ga gawa ba tukuna, Malam. In ka matsu, shigo ka wanke."

Ya ce a kawo wata. Ba wadda ta yarda ta shiga inda Adda ta ƙi. Tana nan zaune, inuwa na juyawa, har kaɗar nan ta motsa. Ta kwance ɗaurin haɓa, ta sa anka kawo ruwan gishiri. Matar nan ta tashi, ta haifi ɗiya bayan haka, har ta ga jikoki. Duk damana sai ta aiko wa Adda da man shanu cikin ƙwarya. Ƙanen liman kuwa har ya mutu, in ya hango Adda sai ya sauya hanya.

Ba ta karɓar ladan wanka. Ba ta cin abinci gidan rasuwa, ko gumba. Daddawa take yi, kuma cikin ribarta kullum akwai farin yadi naɗe ƙarƙashin gadonta, don baƙuwar da za ta mutu ba dangi. Na san mata uku da anka rufe da yadin nan, ɗaya ko sunanta ba mu sani ba, mota ce ta sauke ta ba lafiya.

Amma abin da anka fi saninta da shi, baki. Ba zagi ba, ko da yake ta iya shi. Shiru. Wanka a wurinmu mutum biyu ne ko uku: mai wanka, mai zuba ruwa, wani lokaci da mai juyawa. Ana shimfiɗa mayafi bisa mamaciya, hannu ke shiga ƙarƙashi. Mai zuba ruwa tana tsaye wajen kai, idonta bisa buta. Abin da mai wanka ta gani ko ta taɓa, ya shiga rami tare da mai shi. Akwai wata amarya da ta rasu a garin nan, danginta sunka zargi miji, sunka bi Adda da tambaya shekara da shekaru. Da lallashi, da turmin atamfa, da barazanar alƙali. Amsarta ɗaya: "Na ga baiwar Allah, na wanke ta." Ni ƙanwarta, da muka sha nono ɗaya, na taɓa gwada ta muna sussuka mu biyu. Ta dube ni ta ce, "Ke ma ranarki na zuwa. Kina son in ba da labarinki?" Da ta ga na kama hannu, ta fara ba ni wankan, ita tana juyawa. Mai zuba muna ruwa tun da can ita ce Gwaggon yara, ƙanwar mijin Adda, sa'ata.

Yanzu matar ɗanta. 'Yar Tambuwal ce, ta yi makarantar aikin lafiya, tana aiki ƙaramin asibitin garin nan. Ban so auren ba, ba na ɓoyewa. Na ce wadda ta saba taɓa jikin maza da sunan allura, ina za ta san kunya? Sai ta ba ni mamaki. Ba ta taɓa kiran sunan Adda ba. Ba ta zama tabarma ɗaya da ita, ba ta cin abinci gabanta, gaisuwa daga durƙushe, ido ƙasa. Wuri ɗaya ne ba ta da kunya, wajen tukunya.

Ta ɗaura wa Adda abin nan da ke matse dantse, ta ce hawan jini. Daga ranar gishiri ya ragu a miya, kanwa ta ɓace, man shanun Bafillatana anka ɗora shi can inda hannun tsohuwa ba ya kaiwa. Adda ta ce jinin da ya hau da kanshi ya sauko da kanshi. Ta koma ƙulla gishiri a bakin zane, wuri ɗaya da kaɗarta, tana barbaɗawa a ɓoye. Ƙwayar da ake ba ta kullum, wata ta haɗiye, wata ta ba kaji. Ta ce mini zakaranta bai taɓa samun lafiya irin ta bana ba. Yarinya in ta gane, ba ta ɗaga murya. Sai ta durƙusa bakin ƙofa ta ce, "Inna, don Allah." Adda kuwa ta ɗaga tata muryar yadda maƙwabta za su ji: "Jama'a ku shaida, ɗiyar mutane za ta kashe ni da miyar lami!" Kowa ya yi dariya. Kusan kullum ake haka. Da ta mutu, masu dariyar nan su ne sunka tuna maganar, amma sun manta dariyar.

Ranar da abin ya faru ba na wurin. Ina gidana can ƙarshen gari ina shanyar kuɓewa. Abin da zan faɗa, shi ne inda bakunan da na tambaya sunka haɗu.

Suna ake yi gidan maƙwabcinsu, da hantsi. Adda na tsaye tana rabon goro, tana tsokanar mai jego cewa jinjirin ya kwaso kunnen kakansa. Ba ta ce wayyo ba, ba ta dafa komi ba. Sai faɗuwa, goro ya watse. Gwaggo ta riga kowa, ta ɗora kanta bisa cinya. Yarinya na wajen murhu, ta sheƙo. Ta girgiza ta, ta kira ta, ta kai kuncinta gaban hancinta. Ta jefa wa ƙanwar mai jego wayarta ta ce ta kira motar asibiti daga Tambuwal. Sannan ta yi abin da ba a taɓa gani ba a garin nan. Ta janye uwar mijinta daga cinyar Gwaggo, ta shimfiɗe ta rigingine bisa ƙasa tsura, ta durƙusa kanta, ta haɗa hannu bisa hannu tsakiyar ƙirji, ta shiga dannawa da dukan nauyinta, da sauri, ba tsayawa. Kallabinta ya faɗi, ba ta ɗauka ba.

Adda na wani irin kakari, jefi-jefi. Duk wadda ta zauna da mai mutuwa ta san shi. Gwaggo ta ce gargara ce, a ba ta ruwa, a laƙƙana mata kalma. Yarinya ta ce kada wanda ya ba ta ruwa, ta ci gaba. Sai anka ji ƙas. Na kusa sun ce sun ji da kunnensu. Nan mata sunka yi kanta. Gwaggo ta kama hannu ɗaya, wasu sunka kama ɗaya, anka ja ta har bakin rumbu tana ihu, "Ku bar ni! Don Allah ku bar ni, ba a tsayawa!" Har ta ciji wata. Anka juya Adda bisa dama, fuska gabas, anka ɗiga mata ruwa a baki, Gwaggo na faɗa mata kalmar shahada a kunne. Ko da anka zo anka kira ni, na iske an rufe ido, an ɗaure haɓa.

Mota ta zo bayan azahar. Direba ya ce sai da anka nemi mai, ya ce hanya ta lalace, ya ce wadda ta yi waya ba ta iya kwatance ba. Dalili uku a bakin mutum ɗaya, ni ban san wanne zan ɗauka ba. Na leƙa cikin motar. Gado ne, da wata tukunyar ƙarfe ta iska. Wani saurayi mai farar riga ya shigo, ya sa abin sauraro a ƙirjin Adda, ya girgiza kai. Ya tambaya ko an danna ta. Anka nuna mashi yarinya da baki, ana jiran ya yi mata faɗa. Sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Sunka juya. Wasu sunka ce ai bakinsu ɗaya, abokan aiki ne, me za shi ce? Ni ma na yi wannan tunanin.

Na yi wanka da ruwan magarya, Gwaggo na zuba mini. Na kitse mata kai, na sa kafur, na naɗe ta da yadin da na ciro ƙarƙashin gadonta. Abin da hannuna ya taɓa ƙarƙashin mayafi, in don shi kuke sauraro, ku tashi. Ba za ku ji ba.

Amma kafin maza su dawo daga maƙabarta, magana ta riga ta zaga gari: ƙirji ya yi baƙi, ƙashi na motsi. Daga bakin Gwaggo. Tana faɗa tana kuka, tana cewa malamai sun hana a karya ƙashin mamaci, balle na mai rai. Na dube ta na rasa abin da ke cin ta. Ƙaunar Adda ce? Sun yi shekaru ba su ga maciji a kan gadon wata gona. Tsanar yarinya ce? Ko kuwa tana gaggawar ɗora wa wani hannu laifi, kafin a tuna da nata?

Ban wanke yarinyar a zuciyata ba, kada ku ce. Na yi ta juya abin. Mutum na iya durƙusa maka shekara goma yana jiran rana ɗaya. Washegarin sadakar uku, da rana tsaka, na kira ta bayan rumbu.

"Ke, zo nan. Nuna mini abin da kika yi mata."

"Inna..."

"Ga buhun gero. Nuna mini."

Ta durƙusa da kyar. Da zanenta ya ja, na ga gwiwoyinta duk sun saɓule, sun fara ƙuraje. Ta haɗa hannu, ta miƙe dantse, ta shiga dannawa. Buhun na nitsewa yana tasowa. Na ce ta matsa, na gwada. Ni da ke daka tun ban kai tsawon taɓarya ba, ban je ko'ina ba numfashina ya ɗauke.

"Wannan aikin mi ne?"

"Zuciyarta ce ta tsaya, Inna. In ta tsaya, jini ba ya kaiwa ga kai, kuma kai ba ya jira. Hannu ke yi mata aikinta kafin taimako ya iso."

"Kakarin da take yi fa? Ba numfashi ba ne?"

"Ba numfashi ba ne. Haka yake yi in zuciya ta tsaya."

"Wane taimako kike jira? Motar da ta zo bayan azahar da tukunyar iska?"

Ta ce, "Manyan asibitoci akwai na'urar da ake mannawa a ƙirji, ta girgiza zuciya ta tashi. Nan babu."

"Kin san babu?"

"Na sani."

"To don mi kika hau ta gaban mutane, kai ba kallabi?"

"Ban iya tsayawa ina kallo ba."

"Da an bar ki, da ta tashi?"

Nan na sa mata ido, don nan maƙaryaci ke faɗawa. Ta ce, "Ban sani ba, Inna. Da yawa ba su tashi, ko an yi masu komi daidai. Wasu na tashi." Sai hawaye. "Ban taɓa kallon tsakiyar idonta ba sai ranar. Kuma ba ta ganina."

Na bar ta nan. Ina tafiya gida ina lissafi irin nawa. Wadda ke son mutuwar Adda ba ta buƙatar saɓule gwiwa gaban taron suna. Sauko da ƙwaryar man shanu za ta yi, ta cika miya da gishiri, a ce mata surukar kirki. Ban ce na gane aikinsu ba. Har gobe ban ga yadda za a taimaki tsohuwa da abin da ke karya ta ba. Amma na san fuskar mai ɓoye abu, na wanke isassu da sunka bar irinsu a baya.

Bayan sadakar bakwai, da la'asar, anka shimfiɗa tabarmi tsakar gida. Baffa bisa kujera. Ɗan Adda gefe, kai sunkuye, tun rasuwar bai ce wa matarshi ci kanki ba. Mata cike da bakin ɗakuna, har da waɗanda ba a kira ba. Yarinya na bayan zana.

Baffa ya yi gyaran murya. "Inna ƙarama, ke kika yi wanka. Tsakaninki da Allah, mi kika gani?"

"Na ga baiwar Allah, na wanke ta."

"Wannan ba wurin wagga magana ba ne. Aure ne a hannunki."

"Uwarka ma a hannun yayata ta bi, Malam. Ka taɓa jin abin da ke jikinta?"

Gwaggo ta yi caraf. "To ni na gani! Baƙi ƙirin, awa an doke ta da taɓarya!"

Na juya gare ta. "Ke da ke zuba ruwa, ina kike tsayawa?"

"Wajen kai."

"Mayafi na bisa ko ba shi bisa?"

Na ɗora da cewa, "To ɗayan biyu. Ko kin ɗaga mayafin matar yayanki kin leƙa, ko kin ƙaga. Zaɓi wanda za ki ɗauka, ga mata nan na ji. Ke kika zuba ruwa ga uwayensu duka."

Na ci gaba, tunda an taɓo ni.

"Ni ma ina da tambaya. Matar da ta yi rayuwarta tana hana a yi gaggawar ɗaure haɓa, wa ya riƙe mata kaɗa gaban hanci? Wa ya sa kunne a ƙirjinta? Kaɗar na nan ƙulle a zanenta, ni na kwance ta, ba wanda ya taɓa. Ban ce kun kashe ta ba. Kwananta ya ƙare, kuma wadda ta laƙƙana mata kalma ta yi abin da anka koya muna. Amma in yau hannu za a tuhuma, ba hannu ɗaya ya taɓa ta ba. A kawo su duka, a jera."

Na ga Baffa ya fara laluben takalmi. Na ce a raina an gama. Sai murya daga bayan zana.

"Baffa, ya karye."

Yarinyar nan! Na rufe mata ƙofa, ta zo ta buɗe da hannunta.

"Haƙarƙarinta ya karye, na ji shi ƙarƙashin hannuna. Yana faruwa, an gaya muna tun a makaranta, an ce kada mu tsaya don shi. Ba na son Inna ta ɗauki nauyina. Kuma in yau anka sake, haka zan yi."

Gwaggo ta tafa hannu. "Kun ji! Da bakinta!"

Baffa ya saki takalmi ya dubi ɗan Adda. "To, ka ji. Sai ka yi abin da ya kamata."

Yaron nan, na goye shi, ban taɓa jin ya musa wa babba ba. Da ya ɗago, ba Baffa ya duba ba, zanar ya duba.

"Baffa, sa'ad da uwata ta faɗi, ni ina Dogon Daji ina tayin akuya. Kai ma kana can. Motar da anka kira tana neman mai. Cikin duk waɗanda ke da hakkin su yi wani abu, ita kaɗai gwiwarta ta taɓa ƙasa. Ban san ko daidai ta yi ba. Amma ba inda za ta."

Baffa ya kaɗe riga ya fita, bai yi sallama ba. Har yau ba ya cin tuwon gidan. Akwai gidajen da sunka daina kai yara awo in ita ke aiki. Akwai kuma waɗanda, na lura, in tsohonsu ya ce ƙirji, ita suke aikawa a kira ta ƙofar baya. Tana nan ɗakinta, ɗiyanta na gabanta. Ni ma ta ɗaura mini abin matse dantse, ta ce in rage gishiri. Na ce mata na ji.

Allah shi jiƙan Adda, shi yalwata mata, shi rufa mata asiri yadda ta rufa na bayinsa.

Cikin waɗanda munka yi zamani tare, munka ɗebi ruwa tsohuwar rijiyar da ta rufta, kusan duk sun tafi, yawancinsu ta hannunta. Bafillatanar na nan, ta makance, jikokinta ke jan ta. Tsohuwar Kebbe na ji an ce tana nan, ba ta fita. Baffa na nan da fushinsa. A masu shiga ɗakin wanka kuwa, saura mu biyu a garin nan, ni da Gwaggo, kuma tun ranar ba mu gaisawa sai in gawa ta haɗa mu. Ɗayarmu ce za ta wanke ɗaya. Na riga na gaya wa yarinyar, in na faɗi tana kusa, ta yi abin da ta iya, kada ta saurari kowa. To in ta yi, wani abu zai nuna a ƙirjina, kuma na san wadda za ta ɗaga mayafi. Shi ya sa duk sallar da na yi, ina roƙon Allah shi ba Gwaggo cikawa da imani, shi kuma sa ta riga ni. Ni na iya yin shiru.